Masaichi Kaneda: mai jifan da ya ci wasa 400 a Japan, da dalilin da ya sa ba a sa ran wani zai kamo shi

A ƙasar Japan, inda wasan besbol ke da ɗimbin magoya baya, akwai wata lamba da masu bin wasanni suka haddace: 400. Ita ce yawan wasannin da Masaichi Kaneda ya ci a matsayin mai jifa tsakanin 1950 da 1969. Sama da shekara 50 ke nan da ya ajiye ƙwallo, amma wanda ya fi matsowa kusa da shi, Tetsuya Yoneda, a 350 ya tsaya. Manyan masu jifa na wannan zamani kuwa, idan ɗayansu ya kai 200 sai an yi biki.

Abin mamakin shi ne, Kaneda ya tara mafi yawan nasarorin nan ne a ƙungiyar da ta saba da shan kashi. Shi ne kuma mai jifan da ya fi kowa faɗuwa a tarihin gasar, har sau 298. Yaya aka yi mutum ɗaya ya riƙe kambun nasara da na faɗuwa a lokaci guda? Amsar tana cikin irin ƙungiyar da ya yi wa wasa, da irin zamanin da ya rayu a ciki, da kuma yadda ya kula da jikinsa.

Mene ne aikin mai jifa?

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, yana buƙatar ɗan bayani. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da ƴan wasa tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana bugu, sannan su yi musaya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo zuwa ga mai bugu da ke tsaye da gora a nisan mita 18.44. Idan mai bugu ya doki ƙwallon, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera a filin. Duk wanda ya kewaye su ya dawo inda ya taso, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya.

Aikin mai jifa shi ne hana hakan. Idan ya yi jifa mai kyau sau uku, mai bugu ya kai gora ya kuskure ko ya tsaya yana kallo, to an kore shi. Wannan ita ake kira kora. Ana kuma iya fitar da mai bugu idan masu tsaro suka cafke ƙwallonsa kafin ya taɓa ƙasa, ko suka riga shi kai ƙwallon tasha. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musaya. Idan kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya an kammala zango ɗaya, kuma wasa zango tara ne.

A ƙarshen kowane wasa ana rubuta nasara da sunan mai jifa ɗaya na ƙungiyar da ta ci, a rubuta faɗuwa da sunan ɗaya na wadda aka cinye. Mai jifan da ya fara wasa ba ya samun nasara sai ya jefa aƙalla zango biyar, ya kuma bar fili ƙungiyarsa na kan gaba. A nan gizo yake saƙa: komai ƙwarewar mai jifa, idan abokansa ba su ci maki ba, ba shi da nasara. Mai jifan da ya ci wasa 20 a kaka ɗaya ana ɗaukarsa gwarzon shekara. Kaneda ya yi haka shekara 14 a jere.

Yaron da ya bar makaranta

An haifi Kaneda ranar 1 ga Agustan 1933 a lardin Aichi, kusa da birnin Nagoya. Iyayensa ƴan asalin Koriya ne, a lokacin da Koriya ke ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wanda ya fara a 1910 ya ƙare a 1945. Koriyawa da yawa sun ƙaura zuwa Japan a wancan zamani domin aikin ƙarfi, kuma sun sha wariya wajen neman aiki da muhalli. Da yarjejeniyar San Francisco ta fara aiki a 1952, sai aka cire musu matsayin ƴan ƙasar Japan baki ɗaya, har da waɗanda aka haifa a can. Kaneda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ne a 1959, lokacin da ya riga ya zama babban mai jifan ƙasar.

Ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya fi kowa yawan bugu mai kai mutum tasha a tarihin gasar, Isao Harimoto mai 3,085, shi ma ɗan asalin Koriya ne. Wanda ya fi kowa tsallake shingen fili da ƙwallo, Sadaharu Oh mai 868, mahaifinsa ɗan China ne. Manyan kambuna uku na wasan da Japanawa suka fi alfahari da shi suna hannun ƴaƴan baƙi, domin fili na cikin wuraren ƙalilan da ake auna mutum da abin da ya yi.

A 1950 aka raba gasar ƙwararru ta Japan gida biyu, Gasar Tsakiya da Gasar Fasifik, aka kuma kafa sababbin ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Kokutetsu Swallows, ta hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati. Sabuwar ƙungiya ce mai ƙarancin kuɗi da ƙarancin gogaggun ƴan wasa. A bazarar wannan shekara ta ɗauki Kaneda, wanda ya bar makarantar sakandare bai gama ba. Yana da shekara 17, bahago ne, tsawonsa santimita 184, dogo ƙwarai a ma'aunin Japanawan wancan lokaci. Ya fara wasa a watan Agusta, kuma kafin kakar ta ƙare ya ci wasa 8, an cinye shi 12.

Makamansa biyu ne kawai: jifa mai tsananin gudu, da jifa mai lanƙwasa wanda ke tahowa daga sama ya faɗo ƙasa a gaban mai bugu. A farkon shekarunsa bai iya saiti ba, yana yawan kauce wa inda ya nufa, abin da ke bai wa mai bugu tasha kyauta. Har yau shi ke riƙe da kambun yawan irin wannan kyauta. Amma ko a hakan ba a iya masa. Ranar 5 ga Satumban 1951, yana ɗan shekara 18, ya jefa wasa guda da ƙungiyar Tigers ta Osaka ba tare da an yi masa bugu mai amfani ko ɗaya ba. Babu mai jifan da ya yi haka yana da ƙarancin shekaru kamarsa.

Gwarzo a ƙungiya mai rauni

Kaneda ya yi kaka 15 a Swallows. A duk tsawon lokacin, sau ɗaya tak ƙungiyar ta gama kaka nasararta ta fi faɗuwarta yawa, a 1961, lokacin da ta zo ta uku. Jimillar wasannin da ta ci a shekarun nan 833 ne, kuma 353 daga ciki da sunan Kaneda aka rubuta su, wato sama da kashi 40 cikin 100. A 1951 ta ci wasa 46, shi ya ci 22. A 1958 ta ci 58, shi ya ci 31, fiye da rabi ke nan.

Wannan ne ya bayyana yawan faɗuwarsa. Mai jifan ƙungiya mai ƙarfi yana iya bari a ci shi maki uku ko huɗu, abokansa su rama. Kaneda kan hana abokan hamayya komai sai maki ɗaya ko biyu, kuma duk da haka a cinye shi, domin nasa ba su ci ko ɗaya ba. A kakar 1951 da ya ci 22, an cinye shi 21. Raunin masu tsaron da ke bayansa na cikin abin da ya sa ya dogara da kora, domin idan mai bugu bai taɓa ƙwallo ba, babu wanda zai yi kuskuren cafka. Sau 10 yana zama na ɗaya wajen kora a gasarsa. A 1962 ya wuce 3,508 na Walter Johnson, wanda ke riƙe da kambun Amurka a lokacin, ya kuma gama da 4,490.

Idan maki ya ƙi samuwa, yakan nema da kansa. A Gasar Tsakiya ta zamaninsa mai jifa ma yana shiga layin bugu, kuma galibin masu jifa ba su iya ba. Kaneda ya tsallake shinge da ƙwallo sau 38 a rayuwarsa ta wasa.

Mutumin da ke ɗauke da ƙungiya haka ba a cika iya tanƙwasa shi ba. Ƙarfin faɗa-a-jinsa a Swallows ya kai har ana cewa ya fi na mai horarwa, aka kuma laƙaba masa suna Sarki, da kalmar da Japanawa ke kiran sarkinsu. Laƙabin yabo ne, kuma habaici ne.

Ranaku biyu da ba a manta ba

Ranar 21 ga Agustan 1957, a Nagoya, yankin da aka haife shi, Kaneda ya kara da Chunichi Dragons. Ya shiga zango na tara ba tare da mutum ɗaya ya taka tashar farko ba. Irin wannan wasa, wanda ake fitar da masu bugu 27 a jere, shi ake kira cikakken wasa, kuma yawancin manyan masu jifa kan gama rayuwarsu ba su yi shi ba. Sai rigima ta tashi kan hukuncin alƙalin wasa. Ƴan Dragons suka yi ƙorafi, ƴan kallo suka kutso cikin fili, aka tsayar da wasa minti 43. Ga mai jifa wannan babbar matsala ce, domin hannu kan huce, hankali kuma ya rabu. Da aka dawo, saura mutum biyu. Kaneda ya kore su da jifa shida, Swallows ta ci 1 da 0. Har yanzu shi ne bahagon da ya taɓa yin cikakken wasa a gasar Japan.

Rana ta biyu ita ce 5 ga Afrilun 1958, ranar buɗe kaka, a filin Korakuen da ke Tokyo. Ƙungiyar Yomiuri Giants, wadda ta fi kowace kuɗi da magoya baya, ta fito da sabon ɗan wasanta Shigeo Nagashima, tauraron gasar jami'o'i da jaridu suka daɗe suna kururutawa. Sau huɗu Nagashima ya tsaya gaban Kaneda, sau huɗu aka kore shi. Abin da ya ƙara wa ranar daraja shi ne abin da Nagashima ya zama daga baya: a kakar nan ya fi kowa tsallake shinge a Gasar Tsakiya, ya kuma zama ɗan wasan da Japanawa suka fi so a tarihinsu.

Kakar 1958 ita ce ƙololuwar Kaneda. Ya jefa zango 64 da ɗoriya a jere ba a ci shi maki ba, wanda har yau kambu ne. Ya kuma karɓi kyautar Sawamura karo na uku a jere. Kyautar ta gwarzon mai jifa ce, an sa mata sunan Eiji Sawamura, wanda ya kori Babe Ruth a 1934 yana ɗan shekara 17, ya kuma mutu a 1944 lokacin da aka nutsar da jirgin ruwan sojan da yake ciki.

Zamanin da ke cinye hannaye

A yau mai jifan da ke fara wasa a Japan yana fita sau ɗaya ne a mako. A zamanin Kaneda ba haka ba ne. Gwarzon ƙungiya zai jefa zango tara yau, bayan kwana ɗaya ko biyu a kira shi ya ƙarasa wasan wani, sannan ya sake farawa. Daga 1951 zuwa 1964 babu shekarar da Kaneda bai wuce zango 300 ba. A 1955 ya jefa zango 400 cif. Wasannin da ya fara ya kuma gama da kansa, ba a canja shi ba, sun kai 365, kamar a ce kullum wasa ɗaya har shekara ta zagayo.

Ba shi kaɗai aka ɗora wa wannan kaya ba, kuma abin da ya sami sauran shi ke nuna girman abin da ya yi. Hiroshi Gondo na Dragons ya jefa zango 429 a 1961, shekararsa ta farko, ya ci wasa 35. Shekara mai zuwa ya ci 30. Daga nan kafaɗa ta ƙi, ya gama rayuwar wasansa da nasara 82 kacal. Kazuhisa Inao na Nishitetsu Lions ya ci 42 a 1961, amma a 1964 ciwon kafaɗa ya hana shi cin ko ɗaya, ya tsaya a 276. Jiki magayi, in ji masu iya magana. Waɗannan sun kai Kaneda ƙwarewa a shekarun ganiyarsu, abin da ba su samu ba shi ne daɗewa.

Kaneda ya ɗauki jikinsa a matsayin jarinsa tun kafin ƙungiyoyi su san da masana abinci da na motsa jiki. An san shi da gudu mai yawa, domin ya yi imani cewa ƙarfin jifa daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Yana kashe kuɗi sosai a kan abinci, yana kula da abin da ake dafa masa a sansanin atisaye, da nama da ganye da miya mai zafi. Ba ya barin hannunsa na hagu ya sha sanyi ko da a bazara. Duk da haka bai fita lafiya lau ba: ya daɗe yana fama da ciwon gwiwar hannu, kuma hannun ya lanƙwashe bai sake miƙewa sosai ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda ya cika 400

A ƙarshen 1964, lokacin da hukumar jiragen ƙasa ke shirin sakin ƙungiyar ga kamfanin jaridar Sankei, Kaneda ya yi amfani da haƙƙin da doka ta bai wa daɗaɗɗun ƴan wasa ya koma Giants. Yana da shekara 31, kuma hannun ya riga ya gaji. A shekara biyar da ya yi a can wasa 47 ya ci, bai sake kaiwa 20 a kaka ba. Amma ya sami abin da Swallows ba ta taɓa ba shi ba: Giants ta ɗauki kofin Japan a dukan shekarun biyar, farkon jerin kofuna tara da ta ci daga 1965 zuwa 1973, tare da Nagashima da Oh.

Nasara ta 400 ta zo ranar 10 ga Oktoban 1969, a kan Dragons. Ba shi ya fara wasan ba. An shigo da shi a zango na biyar, Giants na kan gaba, kafin wanda ya fara ya cika zango biyar ɗin da doka ta nema, don haka nasarar ta faɗa hannunsa. Masu sukarsa kan kafa hujja da wannan, da kuma cewa sama da 100 daga nasarorinsa ya same su ne bayan ya karɓi wani. Masu kare shi kuma kan ce karɓar wasa a ranar da ya kamata ya huta ƙarin wahala ne, ba sauƙi ba, su kuma tambaya nawa zai ci da a ce tun farko a Giants yake. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Ya yi ritaya a ƙarshen kakar, Giants kuma ta jingine lambarsa 34, ba a sake bai wa kowa ba.

Bayan ya ajiye ƙwallo

Kaneda ya horar da ƙungiyar Lotte Orions daga 1973 zuwa 1978, ya sake dawowa a 1990 da 1991. A 1974, lokacin da ƙungiyar ba ta da tsayayyen filin kanta, ya kai ta ga kofin Japan, inda ta doke Dragons. Ƙanensa Tomehiro Kaneda, shi ma mai jifa, shi ne gwarzon ɗan wasan Gasar Fasifik a shekarar. Zafin zuciyar Sarki bai ragu ba: a 1990 an dakatar da shi kwana 30 saboda ya kai wa alƙalin wasa hari. A 1978 ya kafa Meikyukai, ƙungiyar fitattun ƴan wasa wadda mai jifa ke shiga idan ya ci wasa 200, rabin nasa ke nan. An shigar da shi zauren girmamawa na besbol na Japan a 1988. Ya rasu a Tokyo ranar 6 ga Oktoban 2019, yana da shekara 86.

Me ya sa ba a sa ran wani zai kamo shi?

Lissafin a fili yake. Kafin mutum ya ci 400, sai ya ci wasa 20 kowace shekara har shekara 20. Mai jifan yau yana fara wasa kusan 25 ne a kaka, kuma akan canja shi bayan jifa 100 ko sama da haka kaɗan. Ko Masahiro Tanaka, wanda ya ci wasa 24 ba faɗuwa a 2013, sai ya maimaita irin wannan kaka sau 17 kafin ya wuce Kaneda. Ƙari a kan haka, fitattun masu jifan Japan yanzu kan tafi Amurka a tsakiyar ganiyarsu, tun bayan da Hideo Nomo ya buɗe hanya a 1995.

Tunani ma ya sauya. Choji Murata, wanda ya zama babban mai jifa a hannun Kaneda a Lotte, ya je Amurka a 1983 aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, ya dawo yana jifa ranar Lahadi kawai, ya kuma ci gaba da wasa har ya kai shekara 40. A 2019 mai horar da wata makarantar sakandare a lardin Iwate ya ƙi saka Roki Sasaki a wasan ƙarshe na lardin don kare hannunsa. Makarantar ta faɗi, aka yi ta muhawara a faɗin ƙasa. Daga 2020 hukumar besbol ta makarantu ta ƙayyade jifa 500 a mako ga kowane yaro. A Afrilun 2022 Sasaki ya yi cikakken wasa a Lotte, tsohuwar ƙungiyar Kaneda. Mako guda bayan haka ya sake jefa zango takwas ba wanda ya taka tasha, amma aka fitar da shi saura zango ɗaya ya kafa tarihin da babu wanda ya taɓa kafawa, domin jifansa ya wuce 100.

A zamanin Sarki babu mai horarwar da zai yi tunanin haka, kuma da wuya shi ma ya yarda ya miƙa ƙwallon. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa, kwamitin kyautar Sawamura ya zauna ya duba masu jifan 2019, ya sanar da cewa a shekarar babu wanda ya cancanta. Babu ko ɗaya da ya jefa zango 200, rabin abin da Kaneda ya jefa a 1955.